Kun Tambaya, Mun Amsa: Cikin Kilo 64 na Yuraniyom, Nawa Ne Ya Ci Wuta a Hiroshima?

Yawancin wasiƙun da suka iso mana a wannan karon a kan yuraniyom ne. Ba abin mamaki ba ne, tunda daga ƙasarmu yake fitowa, kuma kullum sunansa na bakin rediyo. Mun zaɓi wasu daga ciki, mun taƙaita su, ga amsoshinsu.

Tambaya: Assalamu alaikum. Malaminmu na fizik ya ce bam ɗin da aka jefa a Hiroshima bai yi amfani da ko kashi biyu cikin ɗari na yuraniyom ɗin da ke cikinsa ba. Na kasa yarda. Yaya abin da ya shafe birni guda zai zama ya yi asarar kusan duk abin da aka ɗura masa?
Daga wani ɗalibin Jami'ar Abdu Mumuni, Yamai.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Malaminka bai yi ƙari ba, kuma kana iya bin sawun lissafin da biro da takarda.

Bam ɗin da Amurka ta jefa a Hiroshima ranar 6 ga Agusta 1945 yana ɗauke da kimanin kilo 64 na tataccen yuraniyom. An kiyasta ƙarfin fashewarsa da na tan dubu 15 na nakiyar TNT. Shi kuwa kilo ɗaya na yuraniyom-235, wato nau'in yuraniyom ɗin da ake yin bam da shi, idan ƙwayoyin zarrarsa suka tsage kaf, ƙarfin da yake saki ya kai na tan dubu 17 zuwa 18 na TNT. Raba 15 da 17.5, za ka samu 0.86. Ke nan abin da ya tsage bai cika kilo ɗaya ba, giram 860 ne ko kusa da haka. Sake raba wannan da kilo 64, za ka tarar da kashi 1.3 cikin ɗari. Sauran kilo 63 ɗin zafi ne ya mayar da su tururi, suka watse ba tare da sun ƙara wa fashewar komai ba.

Akwai wani adadi da ɗalibai ke yawan cuɗa shi da wannan, gara mu raba su tun yanzu. Za ka ji ana cewa abin da ya rushe Hiroshima bai kai giram ɗaya ba. Wannan ma gaskiya ne, amma wani abu dabam ake aunawa. Giram 860 ɗin da suka tsage ba ɓacewa suka yi ba, sun rikiɗe ne zuwa wasu sinadarai masu matsakaicin nauyi, irin su seziyom, sitironsiyom, aidin, bariyom da kiriftan. Da za a tattara waɗannan gutsattsarin a auna, za a ga nauyinsu ya gaza na asali da kusan kashi ɗaya cikin dubu. Wannan ɗan giɓin shi ne ya zama ƙarfi bisa lissafin Einstein. Gwada ka gani: tan dubu 15 na TNT daidai yake da jul tiriliyan 63 (jul shi ne ma'aunin ƙarfi). Raba shi da saurin haske sau kansa, wato 9 mai sifili 16 a bayansa, za ka samu kilo 0.0007, giram 0.7 ke nan.

Na Nagasaki, wanda aka jefa ranar 9 ga Agusta, da fulutoniyom aka yi shi, wani ƙarfen da ke tsagewa kamar yuraniyom, kilo 6 da ɗan ɗoriya. Ƙarfinsa ya kai tan dubu 21, kuma kimanin kilo ɗaya na fulutoniyom ɗin ne ya tsage, wato kusan ɗaya bisa shida. A lissafi ya ninka na Hiroshima fiye da sau goma wajen cin abin da aka ba shi. Amma muna so ka riƙe wani adadin tare da waɗannan: kafin ƙarshen shekarar 1945 mutanen da suka mutu a Hiroshima sun kai kimanin dubu 140, a Nagasaki kuma kimanin dubu 70. A Hiroshima, kashi 1.3 cikin ɗari ne ya yi wannan aika-aika. Duk wanda ya koyi lissafin farko ya manta da na biyu, karatunsa bai cika ba.

Tambaya: Ina koyar da kimiyya a aji na ƙarshe na sakandare. Yara kan tambaye ni me ke hana sauran yuraniyom ɗin tsagewa, tunda wuta ta riga ta kama. Ina son amsar da zan iya rubutawa a allo.
Daga wata malama, unguwar Yantala, Yamai.

Amsa: Malama, amsar a taƙaice ita ce lokaci. Bam ɗin yana wargaza kansa kafin ya gama cin abin da ke cikinsa.

Ki fara da ƙwaya ɗaya. Idan niyutiron, ɗan ƙanƙanin burbushin da ke fitowa daga cibiyar ƙwayar zarra, ya shiga cibiyar ƙwayar yuraniyom-235, sai ta rabu biyu, ta saki zafi, ta kuma saki sababbin niyutiron biyu ko uku. Idan aƙalla biyu daga cikinsu suka faɗa wa wasu ƙwayoyin, sai adadin ya riƙa ninkuwa: 1, 2, 4, 8, 16. Kilo ɗaya na yuraniyom-235 yana da ƙwayoyin zarra kimanin 25 mai sifili 23 a baya idan an rubuta shi a miƙe. Ki sa yaran su yi ta ninka 2 da na'urar lissafi, za su ga cewa ninki 80 da ɗan abin da ya hau sun isa a kai wannan adadin. Kowane ninki kuwa ba ya wuce kashi ɗaya cikin miliyan ɗari na daƙiƙa. Duka wasan yana ƙarewa kafin kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ya cika.

Inda darasin yake shi ne wutsiyar lissafin. A jerin da ke ninkuwa, ninki na ƙarshe shi kaɗai ya kai duk waɗanda suka gabace shi a haɗe. Rabin ƙarfin yana fitowa ne a ninki na ƙarshe, kashi uku bisa huɗu a biyun ƙarshe, sama da kashi 99 cikin ɗari kuma a bakwai na ƙarshe. To amma tun kafin a kai can, zafin da aka riga aka saki ya kai digiri miliyoyi, ƙarfen ya zama iska mai tsananin matsi, ya fara kumbura. Da zarar ya kumbura, tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin ta ƙaru, niyutiron suka fara sulalewa waje ba tare da sun ci karo da komai ba, sai sarƙar ta tsinke. Kamar a cinna wa tarin karan gero wuta, iskar da wutar ta tayar da kanta ta warwatsa karan kafin rabinsa ya kama. Asarar ninki uku ko huɗu kacal a ƙarshe ita ce bambancin kashi ɗaya cikin ɗari da kashi goma. Shi ya sa babu wani makamin nukiliya da ke cinye abin da ke cikinsa kaf.

Idan wani yaro mai kaifin kai ya ce to yaya aka yi bama-baman baya suka ninka na Hiroshima sau dubu, ki gaya masa wata hanya ce aka ƙara, ta haɗe ƙwayoyi marasa nauyi na dangin haidurojin, irin abin da ke faruwa a cikin rana. Mafi girman da aka taɓa tayarwa na Tarayyar Sobiyet ne, ranar 30 ga Oktoba 1961, mai ƙarfin tan miliyan 50. Kuma masu yinsu ma lissafi yakan kufce musu: gwajin da Amurka ta yi a tsibirin Bikini ranar 1 ga Maris 1954 ya ba da tan miliyan 15, fiye da ninki biyu na abin da aka zata, tokarsa ta sauka a kan mutanen tsibirin Rongelap da wasu masunta ƴan Japan da ke cikin jirginsu.

Tambaya: Muna yara mun ji manya na cewa Faransawa sun tayar da bam a Sahara, iska ta kawo cuta. Ina so in sani, shi yuraniyom ɗin da bai ci wuta ba, ina yake tafiya?
Daga wani dattijo, Tawa.

Amsa: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Abin da manyanku suka faɗa ya faru. Ranar 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko kusa da Reggan, a kudancin Aljeriya, mai ƙarfin kimanin tan dubu 70, wato ya ninka na Hiroshima fiye da sau huɗu. Sau huɗu ta yi gwaji a sarari a wurin tsakanin 1960 da 1961, sannan ta koma cikin dutse a In Ekker, yankin Hoggar, inda ta yi gwaji 13 har zuwa 1966. A na ranar 1 ga Mayu 1962 ramin bai riƙe ba, hayaƙi da narkakken dutse suka ɓalle waje, suka samu sojoji da manyan baƙin da suka zo kallo. Ƙasashen Afirka ba su yi shiru ba a lokacin. Ghana ta riƙe dukiyar Faransa da ke ƙasarta, Nijeriya kuma ta kori jakadan Faransa a Janairun 1961.

Game da abin da bai tsage ba: yakan zama tururi a cikin ƙwallon wutar, ya tashi sama, ya huce ya zama ƙura mai laushi, iska ta ɗauke shi. Idan bam ya fashe can sama, kamar na Hiroshima da ya tashi a tsayin kimanin mita 600, yawancin ƙurar kan haye sama ta bazu a faɗin duniya. Idan kuwa ya fashe kusa da ƙasa, sai wutar ta zuƙi yashi da ƙasa, burbushin ya manne musu, su faɗo da nauyinsu a yankin da iska ta nufa. Irin wannan ya fi gurɓata wuri.

Sai dai a bambance abu biyu. A kwanaki da shekarun farko, abin da ya fi cutarwa shi ne gutsattsarin da suka fito daga ɗan abin da ya tsage. Aidin-131 rabinsa kan ƙare cikin kwana 8, amma kafin nan yakan sauka a ciyawa, dabba ta ci, ya bi nono ya taru a maƙogwaron yara. Seziyom-137 da sitironsiyom-90 kowannensu sai bayan shekara 30 ko kusa da haka rabinsa ke ƙarewa, kuma sitironsiyom a ƙashi yake zama domin jiki na ɗaukarsa tamkar sinadarin da ke gina ƙashi. Shi yuraniyom ɗin da ya watse hasken nukiliya mai cutarwa da yake fitarwa kaɗan ne, domin rabin yuraniyom-235 sai bayan shekara miliyan 700 yake ƙarewa. Fulutoniyom ne abin tsoro a cikin ragowar: rabinsa na ɗaukar shekara dubu 24, kuma idan ƙurarsa ta shiga huhu takan zauna. Ba sai bam ya tashi ba ma. A 1966 jiragen yaƙin Amurka biyu suka yi karo a sararin ƙauyen Palomares na ƙasar Sifen, biyu daga bama-baman da suka faɗo suka tarwatse ba tare da fashewar nukiliya ba, fulutoniyom ya bazu a gonaki, sai da aka kwashe ƙasar wurin a ganguna aka kai Amurka.

Tambaya: Ni direban babbar mota ne. Shekara da shekaru ina haɗuwa da ayarin motocin yuraniyom a hanyar Arlit zuwa Tawa. Idan ɗaya ta kife ko ta kama wuta, za ta tashi kamar bam?
Daga wani direba, Tawa.

Amsa: Malam direba, hankalinka ya kwanta ta wannan fuskar. Abin da ke cikin gangunan nan ba ya fashewa, ko an cinna masa wuta, ko an tara tan dubu a wuri ɗaya. Haɗarinsa na wani fanni ne, za mu zo kansa.

Dutsen da ake haƙowa a yankin Arlit yana da yuraniyom kilo 2 zuwa 4 a kowane tan. A masana'anta ana farfasa shi, a niƙa shi ya yi laushi, a jiƙa shi da ruwan asid na sulfur har yuraniyom ɗin ya narke ya bi ruwan. Sai a tace ruwan daga tsakuwa, a gauraya shi da wani mai da ke jan yuraniyom shi kaɗai ya bar sauran ƙarafa, a sake kwaso shi daga man, a zuba masa sinadarin da ke sa ya kwanta a ƙasa kamar ƙullu. Shi ne ake busarwa ya zama garin nan mai ruwan ɗorawa da ma'aikata ke kira yuranat, wanda kusan kashi uku bisa huɗu na nauyinsa yuraniyom ne. Kamfanin SOMAIR ya fara fitar da shi a 1971, COMINAK kuma a 1978 har zuwa rufe ramin Akuta a ƙarshen Maris 2021. Kafin rufe iyakar Benin a 2023, hanyarsa ita ce wadda ka sani: Arlit, Agadas, Tawa, Dosso, Gaya, har tashar jiragen ruwa ta Kwatano, daga nan zuwa Faransa.

Yuraniyom ɗin da Allah ya ajiye a ƙasa, ko a Arlit ko a Kanada ko a Kazakistan, nau'i biyu ne a cakuɗe. Kashi 99.3 cikin ɗari yuraniyom-238 ne, wanda ba ya riƙe sarƙar tsagewa, hasali ma shanye niyutiron yake yi. Mai lamba 235, wanda ake nema, kashi 0.7 ne kawai, wato giram 7 a kowane kilo. Babu wani asid ko wuta da ke raba su, domin a wajen sinadari abu ɗaya ne, ɗan bambancin nauyi ne kawai tsakaninsu. Raba su shi ne tacewar da kake ji ana rigima a kanta da Iran, kuma aiki ne na manyan masana'antu da ƙasashe ƙalilan ke da su. Na Nijar da ake kaiwa Faransa a da yakan fara sauka a Malvesi kusa da birnin Narbon, ya wuce Tirikastan inda ake tacewa. Tashar lantarki na buƙatar a ɗaga 235 ɗin zuwa kashi 3 zuwa 5. Daga kashi 20 zuwa sama dokar duniya na ɗaukarsa a matsayin mai haɗari. Na makamai kuwa yana wajen kashi 90. Tsakanin gangar da ka gani a hanya da bam akwai tafiya mai nisan gaske.

Haɗarin garin shi ne ya shiga jiki. Yuraniyom ƙarfe ne mai guba kamar dalma, ƙoda yake fara taɓawa, ƙurarsa kuma idan an shaƙa takan zauna a huhu. Idan ka tarar da mota ta kife ganguna sun fashe, ka tsaya nesa ta ɓangaren da iska ke fitowa, ka rufe hanci da baki da rawani ko ƙyalle mai danshi, ka hana yara da dabbobi matsowa, ka kira jandarmomi. Kada a watsa ruwa da niyyar wankewa, domin ruwan zai kai shi rijiya ko tafki. Wanda garin ya taɓa ya tuɓe kayan, a ƙulle su a leda, ya yi wanka da sabulu kafin ya ci wani abu ko ya sha sigari. Kuma ko an ba ka gangar kyauta kada ka kai ta gida don zuba ruwa.

Tambaya: Idan bam kashi ɗaya ko goma sha bakwai yake ci, ita tashar lantarki ta nukiliya fa? Na ɗauka ita tana cinye yuraniyom ɗinta duka.
Daga wani mai aikin wutar lantarki, unguwar Wadata, Yamai.

Amsa: Malam, wannan ita ce tambayar da ta fi shafar Nijar, kuma amsarta za ta ba ka mamaki. Idan aka auna daga abin da aka haƙo, tashar lantarki ta yau da kullum ba ta cin ko kashi ɗaya cikin ɗari.

Ɗauki tasha mai ba da megawat 1,000 na lantarki. Tukunyarta na fitar da zafi kimanin megawat 3,000, domin kashi ɗaya bisa uku ne kawai na zafin ke zama lantarki, sauran na tafiya a ruwan sanyayawa. Ƙa'idar da masu aikin ke riƙewa a ka ita ce: giram ɗaya da ya tsage yana ba da zafin megawat ɗaya na tsawon yini da dare. Ke nan tashar na tsaga kimanin kilo 3 a kullum, tan ɗaya a shekara. Ka lura, abin da ya tsage a Hiroshima bai kai kilo ɗaya ba. Tasha ɗaya tana sakin zafin da ya kai na wancan bam ɗin a duk awa shida, a hankali, cikin ruwa, ƙarƙashin iko.

Domin a samu wannan tan ɗayan, tashar na shan sabon makamashi tan 20 zuwa 25 a shekara. Shi kuma kowane kilo na makamashin da aka tace zuwa kashi 4.5 yana cin kimanin kilo 9 na ɗanyen yuraniyom. Ga yadda ake lissafawa: idan ragowar da ake zubarwa tana fita da kashi 0.25, sai ka cire 0.25 daga 4.5 ka samu 4.25, ka cire 0.25 daga 0.71 ka samu 0.46, ka raba na farko da na biyu. Saboda haka tashar na buƙatar ɗanyen yuraniyom tan 180 zuwa 225 a shekara. Tan ɗaya cikin 200, rabin kashi ɗaya cikin ɗari ke nan ko ɗan sama. Asarar farko a wurin tacewa take: cikin kowane kilo 9, kilo 8 na zama ragowa da ake jibgewa a manyan tukwanen ƙarfe. Ta biyu a cikin tukunya take. Bayan shekara huɗu ko biyar ana fitar da sandunan makamashin alhali kusan kashi 95 na cikinsu yuraniyom ne har yanzu, kashi 1 fulutoniyom da ya samu a ciki, kashi 4 kuma gutsattsarin tsagewa. Ana fitar da su ne domin 235 ɗin ya ragu zuwa wajen kashi 1, gutsattsarin da suka taru suna shanye niyutiron, bututun da ke riƙe makamashin kuma ya gaji da zafi da haske.

Faransa na sake sarrafa tsohon makamashinta a La Hag, ta ciro fulutoniyom ta gauraya shi da yuraniyom ta mayar tukunya, amma abin da hakan ke ƙarawa bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da tarin 238 da ke ajiye. Tukwanen da za su iya cin 238 ɗin sosai wani iri ne dabam, masu aiki da niyutiron masu sauri, kuma suna da tsada da wuyar sha'ani. Faransa ta gina babba mai suna Superphénix, ta rufe ta a ƙarshen shekarun 1990. Rasha na da biyu da ke aiki a Beloyarsk.

Tukunyar lantarki ba ta iya tashi kamar bam. Makamashinta kashi 95 cikinsa 238 ne, kuma sarƙar ba ta tafiya sai da abin da ke rage wa niyutiron gudu, wanda a yawancin tashoshi ruwa ne. Abin da ya faru a Carnobil ranar 26 ga Afrilu 1986 ƙarfin tukunyar ne ya yi tsalle, ruwa ya zama tururi farat ɗaya ya fasa ta. A Fukushima a Maris 2011 iskar haidurojin ce ta fashe bayan sanyayawa ta tsaya. Masifu ne manya, amma na zafi da bazuwar burbushi.

Wani abin da ya cancanci a sani: tsakanin 1993 da 2013 Rasha ta tsarma tan 500 na yuraniyom ɗin makamai, kwatankwacin kawunan bam dubu 20, ta mayar da shi na tashoshi ta sayar wa Amurka. Tsawon shekarun nan kusan kashi 10 cikin ɗari na lantarkin Amurka daga nan ya fito. Wannan na cikin abubuwan da suka danne farashin ɗanyen yuraniyom a kasuwar duniya a wancan zamani, ƙasashe masu haƙowa irin tamu suka ji a jikinsu.

Tambaya: Gaskiya ne Nijar ta sayar wa Saddam yuraniyom?
Daga wani ɗan kasuwa, Yamai.

Amsa: A farkon shekarun 1980 Iraƙi ta taɓa sayen ɗanyen yuraniyom daga Nijar, amma zargin da aka yi gab da yaƙin Iraƙi na 2003 ba gaskiya ba ne, Alhaji. Takardun da suka ce an ƙulla cinikin tan 500 na jabu ne. Ranar 28 ga Janairu 2003 shugaba George Bush ya faɗa a jawabinsa cewa Iraƙi ta nemi yuraniyom daga Afirka. Ranar 7 ga Maris na shekarar, Muhammad al-Baradei, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta duniya, ya shaida wa Kwamitin Sulhu cewa takardun ba sahihai ba ne. Ɗaya daga ciki tana ɗauke da kwanan watan shekarar 2000 da sa hannun ministan harkokin wajen da ya bar kujerar tun 1989. Tsohon jakadan Amurka Joseph Wilson, wanda aka aiko Yamai a Fabrairun 2002 don ya bincika, shi ma ya koma ya ce bai ga alamar cinikin ba. An ɓata wa ƙasar nan suna a banza, aka kuma shiga yaƙi. Nijar ta shiga yarjejeniyar hana bazuwar makaman nukiliya a 1992, ta kuma sa hannu a ta Pelindaba, wadda ta haramta su a nahiyar Afirka, ta fara aiki a 2009.

Tambaya: Kun ce kilo 2 zuwa 4 ake samu a tan. To sauran dutsen fa?
Daga wata ma'aikaciyar jinya, Tawa.

Amsa: Malama, nan yake zama, a gefen garin da aka haƙo shi. Cikin kowane kilo 1,000 na dutse, sama da 995 na komawa tudun ragowa, a niƙe, a jiƙe da asid. Ramin Akuta kaɗai ya bar kimanin tan miliyan 20.

Mutane kan ɗauka tunda an cire yuraniyom, ragowar ba ta da illa. Akasin haka ne. Yuraniyom-238 a cikin dutse yana rikiɗewa sannu a hankali zuwa jerin wasu sinadarai, kuma masana'anta yuraniyom kaɗai take cirewa, ta bar ƴaƴansa. Shi ya sa kimanin kashi 85 cikin ɗari na hasken da dutsen ke fitarwa yana nan a tudun. A ciki akwai radiyom-226, wanda rabinsa ke ɗaukar shekara 1,600, shi kuma yana haifar da iskar radon ba dare ba rana. Radon ba ta da launi, ba ta da wari, rabinta na ƙarewa cikin ƙasa da kwana huɗu, amma a rufaffen ɗaki ko ramin da ba iska takan taru, kuma bayan sigari ita ce babbar mai jawo kansar huhu. Maganin tudun shi ne a lulluɓe shi da yumɓu mai kauri da duwatsu don radon ta mutu kafin ta fito, iska kuma ta daina kwasar ƙura, sannan a riƙa auna ruwan rijiyoyin da ke kewaye shekara bayan shekara, domin asid na iya jan ƙarafa zuwa ruwan ƙarƙashin ƙasa.

Ma'aunin da duniya ta amince da shi shi ne kada ƙarin hasken da ɗan gari ke samu daga irin wannan aiki ya wuce milisibat 1 a shekara (milisibat shi ne ma'aunin hasken da jiki ya sha), ma'aikaci kuma 20, ban da kimanin 2.4 da kowa ke samu daga ƙasa da sararin sama. A aikinki, abin da za ki riƙa tambayar mai tari na dogon lokaci da ya fito daga arewa shi ne: ya yi aiki a rami ko a masana'anta, shekara nawa, yana da takardar awon hasken da ya sha, yana shan sigari? Sigari da radon idan suka haɗu haɗarin ninkuwa yake yi. Ki kuma ja kunnen iyalai kan tsofaffin bututu da ƙarafan da suka fito daga masana'antar: ɓawon da ke manne a cikinsu yakan ƙunshi radiyom, don haka kada a ƙera tukunya ko murhu da su, kada a yi rufin ɗaki da su, kada kuma a yi daɓe ko cikon gida da tsakuwar ramin. Ido ba ya gane ƙarfen da ya gurɓace, sai na'urar awo, kuma hukumar kula da tsaron nukiliya ta ƙasa da cibiyar nazarin sinadarai masu haske ta Jami'ar Abdu Mumuni su ne wuraren da ya kamata a kai ƙorafi ko samfurin da ake shakka.